Cikin Dela Mai Ƙosai

Dela mai ƙosai ce a bakin tashar Roni. Shekara goma sha huɗu ta yi a gidan Muhammadu Lawal, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba, shi kuma bawan Allah bai taɓa goranta mata ba. Ranar da babur ya ƙwace masa a hanyar Kazaure, nan take ya cika. Ita kuwa da ke bayansa ta bugu da ciki a kan dutse, ta sha jinya, ta tashi.

Tana cikin takaba cikinta ya fara tasowa. Surukarta, Inna Shatu, ta duba ta ce, "Alhamdu lillahi, kwantaccen ciki ne ya tashi! Lawal bai tafi haka nan ba."

Tsohuwar nan da ba ta da wani ɗa sai shi ta hana Dela suya, ko buta ba ta bari ta ɗauka. Dela na amai tana ramewa, kowa na cewa laulayi ne. Kumburin a sama yake, can ƙasan ƙirji, inda ɗa ba ya zama. Dela ta sani sarai, amma ta ja bakinta, don tun da take ba a taɓa ririta ta haka ba.

Sai da ta yanke jiki ta faɗi yayanta Ashiru ya kwashe ta sai Kano. Likita ya nuna musu hoto: ruwa ne ya taru a bayan tumbi, daga wata tsoka da ta ji rauni a haɗarin. Ko tsaga ta ba a yi ba. Siririyar roba mai kyamara aka zura ta baki, aka huda jikin tumbin, ruwan ya tsiyaye. Bayan kwana huɗu ta dawo gida, ciki a shafe.

Inna Shatu ta ɗaga mata riga, ta dudduba, babu ɗinki.

"Ta baki suka ciro min jika?"

"Inna, wallahi ruwa ne."

"Ruwa! Kin kai an zubar da abin da ya rage min, ki ce min ruwa?"

Tun ranar ba ta sake amsa gaisuwarta ba. Dela ta tattara ta koma gidan iyayenta a Gwiwa. Lafiya kam ta samu, har ta koma suya. Abin takaicin, ita da ta ga hoton nan da idonta, har yau idan ta ga yaro a bayan uwarsa sai ta ce a ranta, da yanzu nata ya fara zama.