Ranar da na gasa dattawan garinmu

Ko tsufa ya kwashe min tunani, ba na jin zan manta da ranar da na mayar da zauren taron garinmu tanda.

Garin namu ƙarami ne, a bakin fadama kusa da Gashuwa. Zauren kuwa tun zamanin En'e yake: ginin tubali, bango mai kauri, rufin azara a kan lanƙwasassun ginshiƙai irin na bakan gizo, sai wasu 'yan kafofi jere can sama dab da rufi. Ko a tsakiyar bazara ka shiga, sai ka ji sanyi kamar ka leƙa randa. Ban taɓa tambayar dalili ba.

Shekarar da na dawo daga karatu, kaina na hayaƙi, aka ba ni gyaran zauren saboda zaman sulhu da makiyaya. Rigimar burtali ce, kuma hanyar da suke nema wa shanunsu ta gefen gonar barkonon mahaifina ta bi. Baba ya rantse ko taku ɗaya ba zai bari ba.

Na ɗaga kai na ga kafofin nan, na ce wannan ai ƙauyanci ne, ƙofar jemagu kawai. Na sa aka toshe su da siminti, na shafa fenti, na rataya fankoki, na ɗauko hayar janareto. Har da tsayawa bakin ƙofa ina amsa "sannu Injiniya".

Ana shafa addu'ar buɗe taro, janareto ya yi tari ya mutu. Kafin a jima iska ta ɗauke ɗif. Makiyayan da suka saba wuni a rana ko gezau. Baba kuwa, ga babbar riga, ga rawani, ga hawan jini, gumi har ɗiga yake daga gemunsa. Sai Ardo, shugaban makiyayan, ya gyara zama ya ce, "Alhaji, bari mu faro daga zamanin kakanni, ai ba sauri muke ba."

Baba ya dube shi, ya juyo ya dube ni, ya ce, "Ardo, ku bi ta inda kuke so. A tashi haka nan."

 Sai da muka isa gida Baba ya ce min, "Injiniya, gobe ka ɗauki guduma ka mayar wa mutane iskarsu." Wallahi da ya mare ni da ya fi min sauƙi.

Tun ranar, duk abin da na tarar ban san amfaninsa ba, sai na tambaya kafin in sa hannu. An ce mai tambaya ba ya ɓata. Ni da ban tambaya ba, gefen gonar ubana na ɓatar.