Kayan da Na Ɗauka a Dutsen Bagzan

Na tsufa yanzu, har jikoki suna yi mini dariya don nakan nemi hulata alhali tana kaina. Amma akwai yini guda da tsufa bai isa ya ƙwace mini ba, shi ne yinin da muka hau dutsen Bagzan na ƙasar Azbin, a shekarun farko na zuwan Turawa. Ko da zan manta da kowace tafiya da na yi a fatauci, wannan kam da ita za a kai ni kushewa.

Sai na fara gaya muku yadda nake da mahaifiyata, in ba haka ba labarin ba zai shiga ba. Ni ne ɗanta na fari, ita kuwa Bafulatanar Gangara ce, irin masu kunyar nan ta da. Ana yaye ni aka kai ni wurin kakata, ita nake kira Inna. Mahaifiyata kuwa Adda nake ce mata, yadda na ji ƙannenta suna kiranta. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kallon fuskata, ba ta cin abinci in ina wurin. In tana da magana da ni sai ta juya ga wanda ke kusa ta ce, "A hwaɗa ma wancan kaza." In babu kowa, bango ma ya isa. Na san al'ada ce, kowa ya sani. Amma ina ganin yadda take dariya da ƙanena, tana cire masa ƙaya a ƙafa, kuma ko bayan na yi gemu na ajiye iyali, abin bai daina sosa mini rai ba.

Adda tana da ƙanwa da mahara suka kama tun suna 'yan mata, kafin a haife ni. Sun je itace ne, Adda ta tsira cikin sabara, aka tafi da ƙaramar. Shekara da shekaru babu labari. Da Turawa suka zo hari ya lafa, hanyoyi suka buɗe, sai ga wani Buzu mai dabino a kasuwar Jibiya yana cigiyar mutanen Gangara. Ya ce a kan dutsen Bagzan akwai wata tsohuwa da ta sami 'yanci ta yi aure har da jikoki, duk Bahaushen da ya hau sai ta tambaye shi ko ya san Addarta. Ya ƙara da cewa tari ya kwantar da ita, in akwai mai son ganinta ya gaggauta.

Na kai labarin gida. Adda ta dubi turmi ta ce, "A hwaɗa ma wancan ya ɗaura ma jaki akumari. Zumunta a ƙahwa take."

Muka bi ayarin da na saba bi, masu kai gero da tufafi arewa. A bayan Jibiya muka iske turakun da Turawa suka kafa, wai nan ƙasar Ingilishi, can ta Faransi. Wani soja mai jar hula ya bincike mangalolinmu, ya tambayi Adda wace ƙasa za ta. Ta ce, "Ɗan nan, tun yaushe Maraɗi ta zama wata ƙasa?" Shi kansa sai da ya yi dariya, ya ce mu wuce.

A cikin ayarin akwai wata Babarbariya mai yi mana tuwo, katafariyar mace mai murya kamar ta sanƙira. Kun san Fulani da Barebari abokan wasa ne, don haka tun kafin mu kai Tasawa ta maƙale wa Adda. "Ke Bahillata mai ƙahwar kara, iska na tasowa sai mu neme ki a Borno!" Adda takan rama a hankali, ta ce ai jakin da ke ɗauke da Babarbariyar ya gama kankare zunubansa. Ita ce ta zama bakin Adda a wurina duk tsawon tafiyar, kuma ba ta taɓa isar da saƙo ba tare da ta ƙara masa gishiri ba.

Mun sha hanya, har na daina lissafi, kafin wata safiya mu hango wani abu baƙi ya tokare gabas da arewa. Na ɗauka hadari ne. Madugu ya ce Bagzan ke nan. Ayari ya sauka a gindinsa, wurin wata rijiya mai dabinai, madugu ya ce dabbobi za su ɗan huta, su sha ruwa, daga nan ba zai jira kowa ba. Shi da wasu fatake za su hau sayen tafarnuwa da lemun tsami, don a can sama akwai ƙauyuka da lambuna. Ya samo wani Buzu jagora, ni da Adda da Babarbariya muka shirya binsu.

Mu mutanen yashi ne. Duwatsun da muka sani a gida, yaro kan hau ya sauko kafin a dama fura. Don haka na dubi Bagzan na ce wa Babarbariya kafin hantsi muna sama. Ashe hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ba mu yi nisa ba jakina, da bai taɓa taka komai ba sai rairayi, ya fara zamewa, ya durƙusa gwiwa ta fashe. Jagora ya ce in ba so muke ya gangara da tsohuwa cikin kwazazzabo ba, a mayar da shi. Adda ta sauka, ta karɓi sanda, ta ce ƙafar da ta bi shanu ba ta tsoron dutse.

Ta yi ƙoƙari, Allah ya sani. Hanyar ba hanya ba ce, duwatsu ne wani kan wani, kana hawa da ƙafa kana kamawa da hannu. Duk inda ka ce ga ƙarshe, kana isa sai wani tudun ya leƙo. Rana ta take, dutse ya ɗauki zafi har ba ya taɓuwa. Ina bayan Adda, nesa kaɗan yadda ta fi so, ina ganin ƙafafunta suna rawa. Bayan azahar ta zauna a inuwar wani falalen dutse, ta nemi tashi ta kasa.

Jagora ya duba rana, ya taɓa salkar ruwa, ya yi wa madugu magana. Sauran hanyar ita ce mafi tsayi, kuma dole a wuce ta da ido, kafin duhu. Ko a goyi tsohuwa yanzu, ko a juya da ita ƙasa, in kuwa aka juya to shi ke nan, ayari ba zai tsaya a sake gwadawa ba. Fataken nan duk ba muharramanta ba ne. Babarbariya kuwa da kyar take ɗauke da kanta. Kowa ya juyo ya dube ni.

Na matsa na durƙusa na ba ta baya. A lokacin buhun gero nake ɗagawa da hannu ɗaya, nauyi ba shi ne damuwata ba. Sai na ji muryarta a bayana, ƙasa ƙasa. "Ki hwaɗa ma wancan ya tashi. In hau bayan ɗan hwari gaban maza? Gara in koma."

"Ki koma ina?" in ji Babarbariya. "Kin ƙetare ƙasar Faransi duka, ƙanwarki na can bisa tana tari, ki ce ki koma?"

"In Allah bai nuhwa mu gana ba, mu gana a lahira."

Ta faɗa tana hawaye, amma na san ta, ba za ta canja ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce a zuciyata, ashe taɓa jikina ya fi mata wuya a kan rasa 'yar'uwarta. Na buɗe baki zan yi magana, Babarbariya ta harare ni, na haɗiye.

Matar nan ta tsaya riƙe da ƙugu, tana huci, ta dubi Adda ta dube ni. Sai ta ɗaga murya. "Madugu! Kwashi mazanka ku yi gaba. Wanda duk ya waiwayo, ba shi ba tuwona har Jibiya." Madugu ya gane, ya kaɗa mutanensa suka haura ba tare da ko tari ba. Ta ciro mayafinta ta lulluɓe Adda tun daga kai har ƙafa. Ta ce, "To, ni dai ban ga Bahillata a nan ba. Ƙunshin kayana ne na gaji da ɗauka. Kai ɗan dako, mi kake jira? Ɗauki kaya, kuma in ka hwasa mani wani abu ka biya."

Can daga cikin mayafin aka ce, "Kaya dai ba su da ta cewa."

Babarbariya ta warware rawanina ta yi majanyi da shi, ta ɗaure mini Adda a baya yadda ake goyon jariri. Da na miƙe sai da gabana ya faɗi, don ba ta kai nauyin ɗan akuya ba. Ban taɓa sanin haka ta rame ba. Ina zan sani, tunda ban taɓa kusantarta ba?

Muka kama hawa. Babarbariya ta ja baya da gangan, tana nishi tana zagin duk wanda ya fara gina gida a kan dutse. Ni dai ina lura da inda zan sa ƙafa, gumi yana shiga mini ido. Sai na ji gefen mayafi yana share mini wuya. Yatsunta suka tsaya a kan wani tabo da ke kafaɗata.

"Kai dutse," in ji ta, "ka ga tabon ga? Ƙahon saniya ne, yana ɗan yaro. Da labari ya iske ni, ina cikin mata, na ce to Allah ya sawwaƙe, na ci gaba da daka. Ban iya cin abinci ba sai da aka ce ya tashi."

Na kusa zamewa. Na dafa dutse na tsaya.

"Dutse, ka ce ma mai ɗauke da kaya ya kula." Na ci gaba. Ita ma ta ci gaba. Ta gaya wa dutse yadda ranar da aka kai ni yaye ta bi su a ɓoye har bakin gulbi, ta tsaya bayan wata kuka tana jin kukana har ya ɓace. Ta gaya masa cewa man shanun da kakata ke sa mini a tuwo, ita ke aikowa da shi. Ta ce duk fataucin da na tafi, ba ta kwance damuwa sai ta ji kukan jakina a ƙofar gida, don ta san muryarsa a cikin jakunan gari duka. Ni kuwa ba damar in amsa, don ba da ni ake ba. Ƙato da ni, ina hawa ina kuka, ina goge hanci da kafaɗa. A rayuwata ban taɓa jin daɗi irin na wannan wahalar ba, har na so dutsen ya ƙara tsawo.

Rana ta yi sanyi muka fito sarari. Ban zaci haka ba: fili ne shimfiɗe, ga ruwa yana gudu a lambuna, ga iska mai sanyi da ƙanshin lemo. Na waiwaya na ga dabinan da muka baro kamar tsiron gero. Kafin mu kai gidajen aka ce daga bayana, "A sauke kaya nan." Babarbariya ta iso ta kwance rawanin, Adda ta gyara zaninta, ta karɓi sandarta, ta shiga ƙauyen da ƙafarta.

Mun sami ƙanwar Adda da rai. Tana kwance a bukka, ta ƙanjame, Hausarta ta cakuɗe da Buzanci. Ta ɗago ta ƙura wa mai shigowa ido, sai ta ce, "Adda?" Abin da ya biyo baya ba na iya faɗarsa. Mu dai muka fita muka bar su, har Babarbariya mai baki ta zauna a ƙasa tana sharɓar hawaye. Sun samu sun kwana tare, sun yi hirar da suka yi shekaru suna tarawa. Mutanen ƙauyen suka ba Adda jakinsu na dutse, ya sauko da ita ta wata doguwar hanya. Ba mu daɗe da komawa gida ba labari ya zo cewa ƙanwar ta rasu.

Kada ku zaci wani abu ya canja tsakanina da Adda. Muna sauka na koma wancan, kuma a wancan na zauna har Allah ya karɓi ranta. Ba ta taɓa tayar da zancen ba, ni ma haka. Sai dai ban ƙara jin zafin abin ba ko sau ɗaya.

Abin da na koya shi ne, kada ka auna ƙaunar mutum da abin da bakinsa ya iya furtawa, don wani yana ɗauke da ita fal, al'ada ce ta ɗaure masa harshe. In ka iske irinsa ya kasa gaba ya kasa baya, kada ka tsaya gardama da kunyarsa. Ka yi dabarar Babarbariya, Allah ya jiƙanta, ka lulluɓe shi ka kawar da idon mutane. Ni dai sau ɗaya tak mahaifiyata ta yi mini hira a duniya, shi ma da dutse take yi, kuma ya ishe ni har yau.