Haruffa Huɗu, Ƙarshe Z

Shekarun baya, lokacin muna zaune a Gwagwalada, mahaifina ya gamu da shanyewar ɓarin jiki. Yana cikin alwala abin ya same shi. Bayan an sallamo shi daga asibiti ƙafar dama ta fara motsi kaɗan-kaɗan, amma magana ta ɗauke. Yana gane duk abin da ake faɗa, a idonsa ma za ka gani, sai dai in ya buɗe baki kalmar ta maƙale. Likita ya ce mu riƙa jan shi da hira, kada mu bar shi shiru.

Ni na ɗauki aikin, tunda ni ne babba, kuma a lokacin gani nake na fi kowa dabara a gidan. Na sayo katunan hotuna irin na 'yan nazare. Kullum na taso daga ofis sai in zauna gabansa in ce, "Baba, mene ne wannan? Ko-fi. Ce kofi." Mutumin da ya ƙare aikinsa yana rubuta wa manyan ma'aikata jawabi! Sai ya dube ni, ya dubi katin, ya juyar da fuska bango. Na ce wa mahaifiyata ina jin ciwon ya taɓa masa tunani. Ta ce, "Tunaninsa ƙalau. Kai ne dai ka ishe shi."

Kafin ciwon, mahaifina ba shi da wani abin sha'awa da ya wuce Sikirabul, wasan nan da ake jera ƙwayoyin haruffa a allo a haɗa kalmomin Turanci don cin maki. Haddar kalmomin yake yi rukuni-rukuni: masu haruffa uku da suka ƙare da X, masu biyar da suka ƙare da K, haka dai. Da yawa bai san ma'anarsu ba. Na taɓa tambayarsa amfanin haka, ya ce a allo ba a tambayar ma'ana, gurbi ake cikewa. Abokin wasansa ɗaya ne, wani dattijo Kirista mutumin Filato da suka yi ritaya tare, wanda ke zaune a Zuba.

Wata Lahadi bayan coci sai ga abokin nan da ledar lemo a hannu, allon wasa a hammata. Na tare shi a ƙofar falo, na ce, "Baba, ai ba zai iya ba. Ko sunana bai iya faɗa."

Ya ce, "To ni sunanka na zo nema? Matsa ka ba ni hanya."

Suka fara. Mahaifina yana ɗaukar haruffa da hannun hagu, a hankali, yana jerawa daidai. Can sai abokin ya ajiye F, R, O, Z a gurbin da ake ninka maki, ya jawo takarda zai rubuta cinsa. Mahaifina ya ƙwanƙwasa allon da yatsa. Abokin ya yi kamar bai ji ba. Mahaifina ya sake ƙwanƙwasawa da ƙarfi. Na ga leɓensa yana rawa, jijiyar wuya ta tashi, na miƙe zan raba su.

"Ƙar... ya," in ji mahaifina.

Mahaifiyata ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu, ta tsaya cak.

Abokin ko ɗaga kai bai yi ba. Ya ce, "To Oga, in ƙarya ne, kawo mini na gaskiya. Haruffa huɗu, ƙarshe Z."

Mahaifina ya ƙura wa allon ido. Sai muka ji "Quiz." Ya numfasa. "Jazz. Buzz. Fizz." Kowace da ƙyar ta fito, amma ta fito.

Daga ranar na jefa katunana a durowa. In na dawo sai in ce, "Baba, biyar, ƙarshe T," ya yi ta jero su har ya gaji. Da muka gaya wa likita bai yi wani mamaki ba, ya ce abin da aka haddace a jere yakan riga sauran dawowa, mu ci gaba. Mahaifiyata kuwa mita ta riƙa yi: ta yi zaman aure da mutum tun kafin a gina rabin garin nan, amma wata kalma wai ita quilt ta riga sunanta dawowa.

Hausar ta biyo baya sannu a hankali, gaisuwa da farko, sannan sunayenmu. Maganar ba ta koma yadda take ba. Bai ƙara iya hira ta waya ba, in ya gaji kuma kalmomi sukan gudu masa. Amma ya yi 'yan shekaru yana faɗin abin da yake so da bakinsa kafin Allah ya karɓi abinsa.

Abin da na fahimta daga baya shi ne, mu duka mun mayar da shi majinyaci, muna lallaɓa shi, muna yi masa magana da ƙaramar murya. Abokinsa kaɗai ya zo masa a matsayin abokin karawa, shi kaɗai ya ba shi dalilin yin fushi irin na mai lafiya. Yanzu in na je duba mara lafiya nakan kula da muryata.

A wajen zaman makoki na samu dattijon a gefe, na yi masa godiya a kan dabarar da ya yi ranar nan. Ya dube ni da jajayen idanu, ya ce, "Wane dabara? Babanka ya daɗe yana cinye ni. Na ga bai iya magana, na ce yau rana na ne."

Har yau ban san ko da gaske yake ba. Ban kuma sake tambayarsa ba.