Bango Ya Yi Shiru, Maigidana

Ranar Talata, tara ga watan da ya wuce, tsakanin azahar da la'asar, Allah ya karɓi ran jikana, ɗan babban ɗana, wanda nake kira Maigidana, abokan aikinsa kuma suke ce masa Kunne-ɗaya. Na Allah ne, ya koma wurin Mai shi, mu ma muna tafe. Sai dai ban taɓa kawo wa raina zai riga ni ba. Ni da na gama shiri tun tuni, likkafanina na ƙasan akwati, aka tsallake ni aka ɗauki yaron da ko furfura ɗaya bai yi ba.

Maigida, yau da kai zan yi magana, tunda ba ka da bakin ramawa. Ka mai da ni gwauruwa karo na biyu. Kakanka ma ya fi ka kirki, shi ya yi mini sallama kafin ya tafi.

Sana'arka haɗa kiɗa ce, abin da kuke kira DJ. A ɗauke ka ka je ka sa wa mutane waƙoƙi su yi rawa, waƙa na bin waƙa, ba a jin inda wata ta ƙare wata ta fara. Na sha gaya maka wannan ba sana'a ba ce, ƙato ya tsaya yana murɗa maɓalli, ya karkace wuya da abin saurare a kunne ɗaya kamar mai ciwon haƙori. Kai kuma ka ce ai ni ma da nake ɗinki ban taɓa saƙa yadi ba, haɗawa kawai nake yi, gwanintar tana wajen ɓoye bakin ɗinkin. Na jefe ka da takalmi.

Da kunnena ya fara tafiya, kai ka riƙa kai ni asibiti. Likita ya ce siraran sautuka ne ke fara guduwa: kukan tsuntsu, ƙarar cokali, muryar mata da yara. Masu kauri ne za su rage, su ma ba za su daɗe ba. Abin ji da aka saya mini fito yake yi mini a ka, na cusa shi a durowa. Kowa a gidan nan in zai yi mini magana sai ya ɗaga murya yana tsuwwa, ni kuwa baki kawai nake gani yana motsi. Kai kaɗai ka gane. Sai ka matso, ka sauke murya ƙasa kamar tsohon bijimi, ka ce, “Matata, an ci abinci kuwa?” In ji ka tsaf.

Wata rana na ga kana jan babbar sifikarka, wadda ta kai ni tsawo, kana haki. Ka jingina ta da bangon da ya raba ɗakina da naka, daidai inda nake zama a gado. Ka ce in jingina bayana in yi shiru. Sai na ji shi: dum, dum, dum, yana shigowa ta ƙashin bayana har cikin ƙirji. Ka ce sunansa bes, shi ne ƙasan kiɗa, wanda jiki ke ji ko da kunne ya ƙi. Tun daga ranar, kullum da rana in kana gwajin waƙoƙin da za ka sa, ni ina can ɗaya gefen, baya a bango, ina kaɗa ƙafa a ɓoye. In uwarka ta leƙo, in ce tazbaha nake ja.

Abu ɗaya ya riƙa ba ni haushi. Ana cikin daɗi sai dukan ya ɓace ɗif, bango ya koma bango, can kuma ya dawo. Na ɗauki sandata na same ka, na ce kayanka sun lalace, ko kuwa kai ne ba ka iya ba, a ba ni wurin.

Ka yi dariya har ka zauna a ƙasa. Sannan ka kama tafin hannuna ka ɗora a kan fuskar sifikar, na ji tana turowa tana komawa kamar ƙirjin mai barci. Ka ce kowace waƙa da nata bes ɗin. Lokacin haɗa biyu, in aka sake su tare, wani sa'in wannan yana cewa turo daidai lokacin da wancan ke cewa koma, sai sifikar ta rasa na wanda za ta bi. Na ce ban gane ba. Ka tsayar da ni a bayan ƙofa, kai ka tsaya a gabanta, ka ce in tura. Na tura, ka tura.

“To kin gani, tsohuwa? Mutum biyu na gumi, ƙofa ko motsi.”

“Don dai na tausaya maka ne,” na ce, “da yanzu kana tsakar gida.”

Ka ce shi ya sa ake murɗe bes ɗin waƙar da za ta fita, a bar saman waƙoƙin biyu su saba da juna, sannan a saki na mai shigowa. A tsakani akwai ɗan wurin da babu ko ɗaya. Masu kunne suna jin sauran kiɗan na tafiya, ni ce kaɗai nake faɗawa cikin rami. Ka ce, “In ya ɓace kar ki tashi. Hannuna na kan ɗayan maɓallin. Ki jira ni, zai dawo.”

Da ka gane ina jira, sai ka mai da abin tsokana. Ka riƙa jan ramin nan da gangan, kana ja, kana ja, har sai na ƙule na buga bango da sanda, sannan ka sake shi gaba ɗaya, gado ya girgiza, kofin maganina ya yi rawa a kan tebur. Hirarmu ke nan, ni da kai, ta cikin bulo da siminti. Mutanen gidan ba su taɓa sanin muna magana ba.

Ranar Talatar nan na jingina kamar kullum. Kiɗa na tafiya, sai ya ɓace. Na yi murmushi, na ce yau ba zan buga ba, mu ga wa zai gaji. Na jira. Na ce lallai yaron nan ya ƙara iskanci. Na ƙara jira. Da na buga sanda ban ji komai ba. Na sake bugawa. Sai na taso.

Na same ka a ƙasa gefen teburin kayan kiɗanka, abin sauraren a wuyanka, fitilun na'urar suna ta tsalle abinsu. Uwarka ta ce daga kicin tana jin waƙa na tafiya, shi ya sa ba ta zargi komai ba. Ka murɗe bes ɗin farko, ba ka kai ga sakin na biyu ba. Likita ya ce zuciya ce ta tsaya lokaci ɗaya, ko a gabansa ka faɗi babu abin da zai iya. Ban sani ba ko gaskiya ya faɗa ko lallashin tsohuwa yake yi. Na karɓa, don ba ni da wani.

Ka san ubanka bai taɓa son aikin nan ba, bai taɓa zama a ɗakinka ba sai dai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce a rage. Shekaranjiya ya shigo ya tarar da ni baya a bango. Ya tsaya yana kallona. Sannan ya fita, ya shiga ɗakinka. Can na leƙa, na gan shi da gilashi a kan hanci yana lalube, mutumin da ko rediyo sai an kama masa tasha. Na koma na zauna. Ya kunna waƙoƙin nan biyu da ka bari, kuma don ni uwarsa in ji sosai, ya buɗe maɓallan bes ɗin duka biyu har ƙarshe.

Abin ya zo yana ɗingishi, Maigida. Ya taɓa ni sau biyu, ya shaƙe, ya koma kamar ana buga katifa a gidan maƙwabta, ya ɗan farfaɗo, ya sake nutsewa. Na san dalili. Duk gidan nan ni kaɗai na sani. Sai ga shi a bakin ƙofata, ido ja, ya yi ƙoƙarin sauke murya irin taka, ya ce, “Inna, kina ji?”

Na ce ina ji. Me zan ce masa?

Gobe wani abokin aikinka zai zo ya kwashe kayan, uwarka ba ta iya ganinsu, ni ma ban hana ba. Ko an bar su, babu mai ja mini rai a bayan bangon nan. Likita ya riga ya gaya mini saura kaɗan kunnen ya rufe gaba ɗaya. Da ba na tsoro, don na san akwai bango. Yanzu ina tsoro.

Allah ya jiƙan ka, jikana. Ya yafe maka abin da ka yi da sani da wanda ba ka sani ba, har da tsokanar tsohuwa, ni dai na yafe tun kafin ka roƙa. Ya yalwata maka makwanci, ya haskaka shi, ya saka maka da sauke muryar nan da ka yi domina. Ina yi wa ubanka ta'aziyya, ɗana da ya binne ɗansa, da uwarka da har yanzu take zuba abincinka ta mance, da ƙannenka, da abokan aikinka da suka cika mana ƙofar gida suna kuka kamar yara. Allah ya ba su haƙurin da ni na nema na rasa. Mu kuma in tamu ta zo, ya sa mu cika da imani, kuma kada ya ja mini ita da nisa.

Ka ce in ya ɓace kar in tashi. Ban tashi ba. Ga ni nan, baya a bango, sanda a hannu.