Kewayen da Muka Roƙa

Makarantar da nake koyarwa tana bakin gari, a wani ƙauye kan hanyar da ta tashi daga Tambuwal ta nufi Kebbe. Muna da azuzuwa, muna da allo, har rijiya muna da ita. Abin da ba mu da shi shi ne wurin da ɗan Adam zai tsuguna. Yara maza ba ruwansu, kowace bishiya tasu ce. Mu malamai mata mukan shiga gidan wata tsohuwa da ke maƙwabtaka da mu. 'Yan mata kuwa sai su sulale ta bayan azuzuwa, bibbiyu, su faɗa gonaki. Da damina gero yana rufa musu asiri, da rani sai sun taka har wani kwazazzabo.

Da yarinya ta fara zama budurwa sai ka neme ta a aji ka rasa. Ana ta zagin iyaye wai ba su son boko, mu kuwa mun san dalili. A shekarar da nake ba da labari 'yata ta fari tana aji shida, tana shirin jarabawar shiga sakandare. Yarinya ce mai kai, kuma na ci buri a kanta, ko da yake 'yar fari ce, ba a bakina ake jin yabonta ba.

Sai aka yi sanarwa cewa za a saurari jama'a kafin a tsara kasafin kuɗin ƙaramar hukuma, kowane gari ya je da buƙatarsa guda. Maza suka ce taki, wasu suka ce kwalbati. Mu malamai mata muka ɗaura ɗamara, muka bi gida gida muna yi wa iyaye mata bayani, su kuma suka hana mazansu sakat. Ba a jima ba gari ya yarda makaranta ce a gaba. Ni ce uwar zuga a wannan aiki, kuma na ji daɗin kaina ƙwarai, har tafiyata ta sake.

Wanda zai yi magana a madadin gari shi ne shugaban kwamitin makaranta, wato surukina, mahaifin maigidana. Malami ne da ake tasowa daga Jabo da Sanyinna a ɗauki karatu a zaurensa. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa haɗa ido da shi ba, gaisuwa ce daga durƙushe, in tashi in ba shi wuri. To ta yaya zan tsaya gabansa in ambaci salga? Sai na faɗa wa maigidana. Shi ma da ya je, bakinsa ya yi nauyi, ya faɗa wa ƙanen Malam, ya ce bayan gida. Ƙanen ya isa wurin yayansa ya ce kewaye. Malam ya gane sarai, don duk wanda ya tashi a cikinmu ya san in an ce za a kewaya ba yawo za a tafi ba.

Ranar taro muka cika mota muka tafi Tambuwal. Zauren ya cika maƙil, manya a gaba, mu mata a can baya kusa da ƙofa. Mutanen Dogon Daji suka roƙi nasu, wasu suka roƙi rijiyar burtsatse, aka zo kanmu. Malam ya miƙe, ya yi salati, ya yi wa shugabanni addu'a mai tsawo, sannan ya sassauta murya.

“Abin da muka roƙo,” in ji shi, “a taimaka a yi muna kewaye ga makaranta, saboda ɗiyanmu mata. Suna girma, kuma wurin a buɗe ya ke.”

Wani matashin ma'aikaci ne ke rubuta buƙatun da Turanci. Ya ɗaga kai cikin ladabi ya ce, “Allah shi gafarta Malam, kewaye, wato katanga ke nan? A kewaye makarantar?”

Na ga ƙeyar Malam ta sunkuya. Mutumin da ke karantar da babin tsarki a zaurensa ba tare da ya ƙifta ido ba, yau ga lasifika a bakinsa, ga hakimai, ga mata, ga surukarsa a baya. Ya gyara rawani ya ce, “To, haka nan dai.” Ya zauna.

Duk wanda ya zo daga garinmu ya san an yi kuskure. Ƙanen Malam ya sani, shugaban makarantarmu ya sani, matan da ke gefena suka dinga zungurina da gwiwar hannu. Wata ta raɗa mini, “Malama, ki tashi mana, ke taf fara zancen ga.” In tashi in ce me? In ce surukina bai faɗi daidai ba, a gaban duniya? Na ja hijabi na rufe baki. A mota da muna komawa ba wanda ya tayar da maganar, sai hirar tsadar taki ake yi. Kowa ya sa a ransa wani zai je ya gyara daga baya, ba kuwa wanda ya je.

Abin haushi, wannan karon ba a yi mana alkawarin banza ba. Bayan girbi sai ga tifa tana zube yashi. Aka yi katanga doguwa, mai kyau, aka shafe ta da fenti, aka sa ƙofar ƙarfe guda ɗaya tana kallon titi, daidai inda mai shayi yake da rumfarsa, inda 'yan kabu-kabu ke zaman jiran fasinja. Ranar buɗewa aka yi ta tafi. Shugaban makaranta ya kira ni gaban baƙi ya ce ga jarumar da ta tayar da mata tsaye. Na yi murmushi na karɓi godiya, ina jin kamar in nutse.

Hanyar gonaki ta rufe ke nan. Yarinyar da ta matsu sai ta nemi izini wurin maigadin da aka sa a ƙofar, ya tambaye ta ina za ta, ta fita ta ratsa gaban samari, ta zagaye katangar nan duka, kowa ya san abin da ya fitar da ita. Wasu marasa kunya har tari suke yi in ta gifta. 'Yan matan suka daina fita. Na lura 'yata ta bar shan koko da safe, ruwa ma ba ta kurɓa sai ta dawo. Na gani, ban tambaye ta ba, don ba mu saba irin wannan hira da ita ba.

Wata rana ina cikin ba su lissafi na kira ta ta fito allo. Ba ta motsa ba. Na sake kira, ta sunkuyar da kai. Raina ya ɓaci, don ba na son a ce ina ɗaga wa tawa ƙafa, na daka mata tsawa na ce ta miƙe. Ta miƙe. Benci ya jiƙe, bayan rigarta ya jiƙe, yaran da ke layin baya suka fashe da dariya. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ba kunyar abin da ta yi ba ce.

Ba ta sake taka makarantar ba. Babanta ya yi lallashi, ya yi faɗa, ta ce a yanka ta ya fi mata sauƙi. Da labari ya kai wa Malam sai ya aiko a kira ni, abin da bai taɓa yi ba. Na durƙusa a bakin zaure, shi yana ciki, yana kallon buzunsa.

“Ɗiyata,” ya ce, “ni nib ɓata. Bana ke za ki yi magana. Ki hwaɗi sunan abun yadda ya ke.”

Da taron ya zagayo na tafi. Na karɓi lasifika na ce salga muke so, ramin da ake tsugunawa a kai, guda na mata guda na maza. Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai, sama kuwa ba ta faɗo ba. Aka amsa mini da mutunci cewa makarantarmu ta samu rabonta bara, akwai garuruwan da ba a taɓa yi wa komai ba, sai mu yi haƙuri layi ya zagayo. Gaskiya suka faɗa.

Jarabawa kuwa ba ta jira layi ba. Ranar da za a kai 'yan aji shida Tambuwal su zauna, ni aka sa in raka 'yan mata. Na fito da safe na tarar da 'yata a tsakar gida ta zuba garwashi a dutsen guga, tana goge farin hijabinta na makaranta. Murna ta kama ni, na ɗauka ta sake shawara za ta tafi. Ta gama, ta ninke shi da kyau, ta miƙo mini.

“Inna, ki kai ma ɗiyar maƙwabta,” ta ce. “Nata ya yage, kuma ita za ta.”