Kunnen Yahuza da Kaset ɗin Abu

Yahuza taubashina ne, ɗan kawuna, don haka ina da damar faɗin aibinsa a gaban kowa, kuma zan faɗa. Mutumin nan tun da Allah ya halicce shi bai taɓa zama ya cinye kwanon tuwo a wuri ɗaya ba. Ko a masallacin Juma'a, an sha kai wa matarsa Munawwara ƙara cewa yana kaɗa ƙafa ana tsakiyar huɗuba. A Kwandiko aka haife mu, a tsakar gida ɗaya muka yi rarrafe, amma shi garma ba ta karɓe shi ba. Yana tasawa ya gudu tashar Gwaram ya zama yaron mota, daga nan ya kama sitiyari, ya yi ta kai da komo tsakanin Gwaram da Birnin Kudu har gemunsa ya yi fari. Ni Kubra ina sayar da shinkafa da wake a bakin tashar, kullum a tsaye yake cin nawa, yana ci yana kushewa.

Kowane direba da abin da ya sa a gaba. Wani fili yake saye, wani awaki yake tarawa. Yahuza kaset ya tara. Duk inda ya ji kiɗa yana tashi daga shago sai ya taka birki, ko da mai naƙuda ya ɗauko. Akwai na kalangu, akwai na kukuma, akwai na Indiya da bai san ko zaginsa ake yi ba, akwai na bege, har da na matan coci da Malam Obadiya mai gyaran rediyo ya ba shi, wai shi muryoyin ne suka yi masa. Da duniya ta koma memori da waya, yara suka riƙa yi masa dariya a tasha, ya ce su je can da abinsu, waƙar da ba a iya riƙe ta a hannu ba waƙa ba ce. Daga baya dai motar da aka ba shi ba ta cin kaset, sai ya zuba su a tsohuwar akwatin ƙarfe ya tura ƙarƙashin gado a gidansa na Birnin Kudu. Sun daɗe a can suna shan tsatsa.

Kunnensa na hagu ya mutu tun tuni, wanda ke bakin taga, iska da hon suka cinye shi. Bai damu ba, ya ce ai saura ɗaya. To bara da damina ya kwanta zazzaɓi mai zafi, da ya tashi sai ya fara cewa akwai gyare a kansa. In ka yi masa magana sai ya karkato da kai kamar kaza ta hango shaho. Aka kai shi babban asibiti, aka yi gwaje-gwaje, likita ya ce jijiyar kunnen dama ce take mutuwa, kuma ba ta dawowa. Aka gwada masa na'urar da ake saƙalawa a kunne, ya ce ba abin da take ƙara masa sai ƙarar gyaren. Ya tambayi likita yaushe zai toshe gaba ɗaya. Likita ya ce wannan sai Allah, yana iya kaiwa kaka, yana iya gazawa.

Wani da ya ji haka sai ya koma gida ya yi tagumi. Yahuza daga asibiti bai zame ko'ina ba sai shagon Malam Obadiya, ɗauke da tsohuwar rakodarsa a ka. Malam Obadiya ya sa mata sabuwar roba, ya goge kan da auduga, ya haɗa mata waya da tsohon batirin mota don kada rashin wuta ya tsayar da aiki. Ran nan Munawwara ta kira ni ta ce, "Kubra, ki zo ki ga ɗan'uwanki, ni dai na rasa gane kansa."

Na rufe tukunya na hau mota. Na same shi a zaure ya baje tabarma, kaset ko'ina, ba wurin taka ƙafa. Ya jera kwali uku a gabansa.

Na ce, "Kai Yahuza, gwanjo ka buɗe?"

Ya ce, "Ɗaga murya, 'yar ƙauye, ba a raɗa a gidan nan yanzu."

Na kwarma masa tambayar a kunne. Ya ce lodi yake yi. Zai saurari kowane kaset tun daga farko har ƙarshe kafin kunnen ya rufe, ya ba kowa kujerar da ta dace da shi. Babban kwalin shi ne but ɗin mota, can ake jefa tarkace tare da buhuna. Na tsakiya kujerun baya ne, na talakawan fasinja masu mutunci. Ƙaramin kuwa gidan gaba ne, kuma mutum biyu kawai yake ɗauka, don shi bai taɓa cusa uku a gaba ba ko ranar kasuwar Sara.

Na duba, sai na hango kaset ɗaya a saman taga, an naɗe shi a ƙyalle. Ban tambaya ba, na san shi. Duk danginmu sun san shi. Shekarar da Yahuza ya fara tuƙi, Kawu, wato babansa, ya kira gayyar noma a gonarsa ta Kwandiko, aka ɗauko Abu mai gangar noma da 'yan amshinsa. Yahuza ya ari rakoda ya bi su kunya kunya yana ɗauka. A cikin kaset ɗin Abu ya wasa Kawu, ya kira sunansa da na kakanninmu, har ana jin Kawu daga nesa yana ihu yana cewa a ƙara masa. Abu ya rasu, Kawu ya rasu, gonar ma an raba ta. Ba wanda yake da irin wannan kaset a duniya sai Yahuza.

Na ce, "To ai ga na gidan gaba can. Sa mana shi yanzu mu ji."

Ya ce, "A'a. Shi ne na ƙarshe."

"Na ƙarshe kamar yaya? Kai da aka ce kunnenka ba shi da tabbas?"

Ya ce, "Kubra, wanda ya fara da nama, tuwo ba ya yi masa daɗi. In na ji Abu yau, duk sauran nan but zan zuba su, in zalunce su. Kowa sai ya bi layi."

Wallahi sai da na ji kamar in rufe shi da duka. Na ce masa layin tasha daban, layin kunne daban. Na ce gobe ta Allah ce. Ya ce ai shi ya sa yake sauri, in matsa in ba shi wuri.

Sauri kuwa ya yi shi, irin nasa na marar kan gado. Ya ajiye tuƙi, don da ma an ce masa hanya ba ta kurma ba ce. Daga karin kumallo har la'asar yana zaure, kunnen dama manne da sifika, ƙafa tana kaɗawa. Ba ya iya zama har waƙa ta ƙare, sai ya tashi ya zaga, ya leƙa waje, ya dawo, sai kuma ya ce bai ji tsakiyar ba, a mayar baya. Don kada batir ya ƙare, da biro yake mayarwa, yana juyawa yana tsaki. In zare ya tsinke ya aika a karɓo masa jan farce wurin maƙwabta ya liƙe. Duk Juma'a nakan zo, kuma duk zuwan da zan yi sai na tarar maɓallin ƙara ya matsa gaba. Da farko a zaure ake ji. Daga baya tun daga bakin layi nake gane wane kaset ake yi wa shari'a.

Shari'ar ma abin dariya ce, in ba ka san abin da ke tafe ba. Wani mai kukuma da Yahuza ya yi shekaru yana yabonsa, yana ji sai ya ce, "Ashe wannan ta hanci yake waƙa? Ni da na yi ta damun fasinja da shi! But!" Wani na Indiya kuwa, Yahuza ya ce ya tuna masa da ranar da taya ta fashe masa da amarya a mota, don haka kujerar baya, bakin taga. Na matan coci ya daɗe yana juya shi a hannu, ya sa shi a gaba, ya cire, ya mayar. Malam Obadiya da ya zo duba batir ya ce, "Malam Yahuza, kada ka ji kunyata, sa shi inda ya dace." Yahuza ya ce, "Kunyarka? Kai da ka taɓa ɓata mini rediyo? Muryar mai jan baƙin ce ta hana ni sakat." Suka yi ta musu kamar yara.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne komawa baya. Sai ya yanke wa kaset hukunci ranar Litinin, ranar Laraba ya ce zuciyarsa ba ta kwanta ba, wataƙila ranar yana jin yunwa ne, a tono shi daga but a sake ji. Tulin da bai saurara ba yana nan kamar ba a taɓa shi, shi kuwa yana can yana yi wa wani mai kalangu adalci karo na biyu. Na yi faɗa, na yi lallashi. Na haɗa baki da Munawwara mu sa kaset ɗin Abu da ƙarfin tsiya, ya gane, ya ɗauke shi daga taga ya sa a aljihun gaba, da shi yake kwana. Na ce masa, "Taurin kanka ne zai kashe ka, ɗan kawu." Ya ce, "Me kika ce?" Ban sani ba ko tsokana ce ko da gaske bai ji ba, kuma tsoron tambaya ya kama ni.

Gero ya fara nuna ke nan, wata Talata da hantsi, Munawwara ta kira ni tana kuka. Ta ce da safe ta yi masa magana bai juyo ba, ta saki faranti a bayansa bai ko motsa ba. Na bar wa maƙwabciyata tukunya na tari mota. Ban taɓa jin tsawon hanyar nan kamar ranar ba, duk inda direba ya tsaya ɗaukar fasinja sai na ji kamar in sauka in ruga da ƙafa.

Na same shi a zaure, zaune. Ƙafar ba ta kaɗawa. Tulin kaset ɗin da bai kai gare su ba yana gefensa, ya kusa kai masa gwiwa. Malam Obadiya yana tsaye a bakin ƙofa, ya rasa abin yi da hannuwansa. Na yi niyyar in ce ai na faɗa maka, na shirya maganar tun daga Gwaram, amma wa zan faɗa wa?

Ya ɗago ya gan ni. Ya yi magana da ƙarfi, irin ta wanda ba ya jin kansa. "Kubra, gyaren ma ya yi shiru."

Sai ya sa hannu a aljihu ya ciro kaset ɗin, ya warware ƙyallen, ya sa a rakoda, ya murɗa ƙara har ƙarshe, ya danna. Gangar Abu ta tashi kamar za ta tsaga zauren. Kaji suka watse, mutanen layi suka fara leƙowa. Kaset ɗin bai lalace ba ko kaɗan. Ga Abu yana jan waƙa, ga 'yan amshi, ga ƙarar garemani a ƙasa, har kukan wata akuya. Ni da na tsaya a gonar nan ranar gayyar da tulun kunu a ka, sai ga ni a can. Munawwara ta rufe fuska da mayafi.

Yahuza ya manna kunne a sifika. Ya juya ya manna na hagu, wanda ya mutu tun tuni. Ya ɗaga kai yana duban fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ɗora tafin hannunsa a kan sifikar ya bar shi a nan.

Ya ce, "Ina jin gangar a hannuna. Muryar ce babu." Sai ya dube ni. "An zo wurin Baba?"

Na girgiza kai. Na matso na zauna kusa da shi a tabarma, abin da ban taɓa yi ba tun muna yara. Muka jira. Abu ya wasa wannan, ya wasa wancan, sai ya juyo kan Kawu, ya kira shi bajimin Kwandiko mai kwana a kunya, ya jero kakanninmu. Can daga nesa muryar Kawu ta taso, yana ihu a ƙara masa. Hawaye ya zubo mini, na kai hannu na taɓa gwiwar Yahuza.

Ya ce, "Nan ne?"

Na gyaɗa kai.

Ya rufe ido, leɓensa yana motsi. Da ya buɗe ya ce, "Yana dariya, ko? A ƙarshen ihun yakan yi dariya."

Na sake gyaɗa kai, don kuwa yana yi.

Ya danna ya tsayar, ya ciro kaset ɗin, ya miƙo mini tare da biron. Ya ce, "Mayar baya kaɗan. In an zo wurin ki sake taɓa ni."

Na mayar. Har aka kira azahar muna nan zaune, ina mayarwa ina taɓa shi.