Askar Baba Barau a Tukunyar Asibiti

Har gobe ba na mantawa da ranar sunan ɗana na fari. Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ina malamin asibiti a ɗakin shan magani na En'e a Gubuchi. Sirinjinmu na gilashi ne, ba a yarwa. Dokar aiki ita ce duk abin da ya taɓa jini sai an tafasa shi a kan risho kafin ya taɓa wani.

Akwai wani majinyacina, Malam Tanko, mai ciwon shawara, irin wadda jini ke ɗauka. Ban guje shi ba, allurarsa kawai na ware. Ana gobe suna na je duba shi, sai na tarar da Baba Barau wanzami yana yi masa ƙaho. Askar da yake tsaga shi da ita kuwa, ita ce za ta hau kan jaririna da safe.

Gari na wayewa na ɗora tukunyar asibiti a zaure. Da tsohon ya buɗe zabira, na durƙusa na ce, "Baba, a taimaka a dafa askar nan tukuna."

Ya ce, "A dafa? Kaji ne? Yaro, tun kakana wuta ba ta taɓa askar gidanmu, tana karya mata tsari."

Zaure ya ɗauki dariya. Korar wanzamin gari ranar suna ba ƙaramin abin kunya ba ne, amma ɗana fa?

Na ce, "Allah ya ja kwana, shi maƙerin da ya ƙera ta, a cikin randar ruwa ya ƙera ta?"

Ya dube ni, ya fashe da dariya. "Ja'iri! To, amma ni zan saka ta da hannuna."

Ya yi bisimilla, ya tofa addu'arsa, ya jefa. Ta tafasa, ta huce, ya aske yaron tas ko ƙwarzane babu. Malam Tanko ma ya samu sauƙi.

Daga nan duk ranar kasuwa sai ga Baba Barau da zabirarsa, yana cewa, "Malam, ɗora tukunya, matana sun zo wanka."

Ku yaran yanzu, ku riƙe wannan: mutanenmu ba sa ƙin tsafta, raini suke ƙi. Da na tsaya a kan Baba Barau da takardata ta boko, da ɗanyar aska za a yi wa ɗana aski.